Ɗankwalin Mama Angelina

"Wannan ba ita ba ce," in ji Baba Azariya daga kan gado. "Ko ita ce? Jacinta, duba mini."

Na matsa kusa da talabijin. Matan Zumunta ne wajen arba'in, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, suna rawa a harabar coci. Fuskokin duk sun narke. Mai shagon da 'yarsa Faustina ta kai wa kaset-kaset na kyamara ya matse uku a faifai ɗaya. Marigayiya Mama Angelina tana cikin matan, amma mijinta ya kasa gane ta.

Katanga ce kawai ta raba gidajenmu. Shekara talatin Baba Azariya ya yi a reluwe. Makon nan asibiti suka ce a dawo da shi gida, kowa kuma ya gane kwanansa ya kusa ƙarewa.

Ni ba mai yawan magana ba ce, amma na ce a ba ni kaset ɗin da tsohuwar kyamarar. Na kai gidanmu, na jona ta da kwamfutata. Aikin ba ya son gaggawa: kaset na awa ɗaya sai ya ci awarsa cur, kuma shi kaɗai zai hau faifai. Sau biyu kyamarar ta tauna zaren, na warware da biro na koma farko. Faustina ta leƙo ta ce Baba ya daina karɓar kunu, in kawo faifan ko yaya yake. Na ce ta ba ni zuwa ƙarfe huɗu. Ta girme ni, kuma ban taɓa musa wa babba ba sai ranar.

Huɗu da kwata na saka faifan. Muka tayar da shi da matashin kai biyu. Kyamara ta bi layin matan, ta tsaya kan mai buga tulu. Ga wushiryarta, ga zufa a goshinta.

"Ga ta nan," ya ce a hankali. "Kin ga ɗankwalin? Kullum a karkace. Na yi magana har na gaji."

Ya sa na maimaita wurin sau biyar.

Ranar Alhamis da safe ya rasu. Da rana matan Zumunta suka cika tsakar gida cikin zanen nan, suna waƙa. Na shiga ɗauko kujeru, na tarar da talabijin a kunne, hoton a tsaye, hannun Mama Angelina a ɗage bisa bakin tulu. Na ɗauki kujerun, na ja ƙofar.