Ƙarfen Kashe Inji

A Bodinga, in za ka kashe injin niƙan Mode, ɗan ƙarfen da ke gefensa za ka jawo zuwa ƙirjinka. In ka tura shi gaba, wuta ka ƙara masa. Lawali, ƙanen Mode, a gindin injin nan ya yi gemu, hannunsa ya san wannan ba sai ya yi shawara da kansa ba.

Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, man gas ya yi wuya, niƙa ta ja baya, inji ɗaya ya kasa riƙe gida biyu. Lawali ya sami aiki a Shagari wurin wani Alhaji Mijinyawa. Injin irin na Mode ne sak, har fenti. Sai dai lokacin da ya taɓa lalacewa an rasa kayan gyara ko a Sakkwato, wani makanike ya ciro na wani mataccen inji ya ɗaura masa a juye. A nan jawowa ƙara wuta ce, turawa ce kashewa. Makaniken ya sha godiya ya kama gabansa.

Ranar farko Lawali ya jawo ƙarfen, inji ya yi kururuwa, garin dawar wata mata 'yar Dandin Mahe ya tashi ya rufe su. Ta fita fari fat tana Allah ya isa.

"Alhaji, a maido shi kama da na kowa mana," in ji Lawali.

"Da mi za a maido shi? Inji bai da laihi. Kai ka gyara hannunka, in ba ka iyawa akwai masu so."

Atika matar Lawali na da tsohon ciki, saboda haka ya haɗiye maganarsa ya shiga horon hannu. Ya ɗaura wa ƙarfen jan ƙyalle. A hanyar masallaci yana tafe yana tura iska, mutane na kallonsa. Atika ta ce ko tuwo aka ajiye masa sai ya fara ture kwanon. Ya sha kuskure, ya sha zagi, amma kafin a cire albasa hannun ya miƙa wuya. Alhaji da bakinsa ya yaba masa, abin da ko 'ya'yansa ba ya yi wa.

Wata ranar kasuwar Bodinga Lawali ya je gaida gida, ya tarar da kwanuka jere har bakin titi.

"Ka zo daidai," in ji Mode. "Tsaya min nan in duba bel ɗin ga, shina zamewa."

Mode ya sunkuya yana goga wa bel kwalta inji na tafiya, yadda kowa ke yi, kowa kuma ya san bai kamata ba. Bel ɗin ya kama hannun rigarsa.

"Kashe! Lawali, kashe!"

Lawali bai yi jinkiri ba ko kaɗan. Ya tura.

Kafin ya gane ya jawo, bel ya riga ya tafi da hannun daman Mode. A asibiti a Sakkwato aka yanke shi daga gwiwa. Duk wanda ya zo dubiya Mode ya ce masa ƙaddara ce, bai taɓa ambatar Shagari ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo a wurin Lawali.

Da aka sallamo Mode ya kira ƙanen nasa. "Ka dawo gida ka riƙa injin ga. Ni nawa ya ƙare, kuma iyali na nan suna jira."

Lawali ya dawo. Ranar da ya buɗe, mata suka kawo kwanuka, ya tayar da inji ya niƙe su tas. Da aka zo kashewa ya miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a saman ƙarfen, bai jawo ba bai tura ba. Inji ya yi ta juyawa ba komai a cikinsa, yana cin man da babu.  Mode ya taso daga tabarma, ya ratsa matan, ya jawo ƙarfen da hagu.