Murfin Kwanon Gwaggo A'i

Shekara huɗu Zakiyya ba ta jefa faifai ba, tun da ta bar Lyon ta koma Paris karatun digiri na uku. Wasan dai ba shi da wuyar bayani: ana jefa faifan roba daga nesa har ya faɗa wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wanda ya kai da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Tana gama karatu, ƙawarta Hamdiya ta rubuta sunansu a gasar ranar Lahadi, ba ta ko tambaye ta ba. Zakiyya ta ce ta yarda, amma sai da shuɗin faifanta mai kaurin baki, don shi kaɗai hannunta ya sani a jifan ƙarshe.

Ranar Asabar ta hau jirgin ƙasa, ta isa unguwar Les Minguettes a gefen Lyon, gidan Gwaggo A'i, inda ta bar jakar wasanta. Jaka na nan lafiya lau, cike da albasa, babu faifai ko ɗaya.

Gwaggo ta ce ita ba ta ga dalilin da murfi goma sha biyu masu kyau za su zauna cikin duhu ba. Da su take rufe kwano in za ta aika wa maƙwabta abinci. Takwas na gida, sauran suna yawo a bene.

Zakiyya ta kifa su ɗaya bayan ɗaya. Da can kowane yana da sunanta a ƙasa, da lambobi huɗu a sama masu nuna yadda yake tashi. Soso ya cinye duka.

"Gwaggo, ina rubutun?"

"Wannan dattin? Wata guda na yi ina gurzawa."

Babu shuɗi a ciki, sai ta bi bene. Matsalar ita ce ba a karɓar kwano a bakin ƙofa, kuma ba a mayar da shi ba komai. A hawa na uku ta ci shinkafa da wake, aka ba ta shuɗi, amma mai kaifin baki ne, na jifan nesa. A hawa na bakwai ta sha fura, aka miƙo mata murfin bokiti na gaske, ta yi godiya don kunya.

A hawa na sha ɗaya, Hajiya Ruwaida ta ɗago shuɗin faifanta daga kan tukunyar dambu. Zakiyya ta rufe ido ta riƙe, babban yatsanta ya faɗa gurbinsa kamar jiya suka rabu. Sai dai tururi ya ɗan lanƙwasa shi. Hajiya ta ce a duk murafan A'i wannan ya fi riƙe zafi, ta ƙara mata dambu.

A filin ajiye motoci ta gwada shi. Kowane jifa sai ya karkata hagu, taku uku daidai.

Ranar Lahadi a kwandon farko, Hamdiya ta sunsuna faifan ta ce zogale take ji. Zakiyya ta juya ta auna wata bishiya can dama.

"Ke, kwandon na nan," in ji Hamdiya.

"Na sani."

Ta saki. Faifan ya nufi bishiya, ya yi kamar ya tuna wani abu, ya karkata hagu. Sarƙoƙi suka yi ƙara.