Wasiƙun Kaka Nhan Sun Shiga Waya

Kai ma kana da irin kwalin nan na tsofaffin takardu, kada ka yi mini musu. Yana ƙarƙashin gado ko saman kabad, kullum ka gan shi sai ka kawar da kai, ka ce sai ranar hutu. Mu namu goma sha ɗaya ne, a gidan haya ciki da falo, hawa na huɗu, a unguwar Bach Mai ta Hanoi, ni da kakata Nhan. Shekara huɗu na yi ina karatun adana littattafai, amma a gidanmu sai na tsallake takardu nake kaiwa ga tukunyar shinkafa.

Da danshin watan Maris ya sauka, bango ya fara zufa, na buɗe kwali ɗaya warin fumfuna ya buge ni. Na ce yau za a yi ta ta ƙare. Duk takardar da ke da amfani na ɗauki hotonta da waya. Sauran na kira Luot, matar da ke yawo da keke tana sayen tsofaffin takardu, ta hawo da sikelinta. Jaridu suka tafi, da takardun jarrabawata, da littafin gyaran wata fanka da ta mutu tun ina firamare. Falo ya buɗe, har muka gano ashe akwai taga a bayan kabad.

Cikin zafin aiki na ɗauko wani gwangwanin biskit cike da takardu masu baƙin tabo, na zazzage su kan sikeli ban ko duba ba.

"Ke Quyen! Kwashe! Kwashe na ce!" Kaka ta taso da ludayi a hannu. "Wasiƙun kakanki ne. So kike gobe a ƙunsa wa wani gyaɗa da sunan mijina, ya ci ya yar a titi a taka?"

Luot ta janye hannu da sauri. "Tsohuwa ta fi ki gaskiya, ƙanwata. Rubutun mamaci ko kyauta ba na ɗauka."

Kunya ta kama ni, amma bakina bai mutu ba. "To girmamawar ita ce a bar su su ruɓe? Dubi wannan, Kaka, rabin layin ya tafi. Baɗi war haka ba abin da zai saura. Yaushe rabonki da karanta ko ɗaya?"

Shekara shida ke nan idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, kuma ba ta taɓa bari wani ya karanta mata ba.

Na shimfiɗa farin ƙyalle a bakin taga, na ware wasiƙun a hankali, ina ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Kaka tana kaina tana mita.

"Malama mai digiri, in kika yaga guda sai na yaga digirin."

Na buɗe ta farko a waya, na ja rubutun da yatsu biyu har kowane harafi ya kai girman wake, na miƙa mata. Ta matso da fuska. Leɓenta ya fara motsi. Can sai ta kwashe da dariya har da buga cinya.

"Maƙaryaci! Luot, zo ki ji. Wai tun da ya je aikin jirgin ƙasa a garin Vinh bai kurɓi giya ba. Shi da aka kawo mini gida a baro!"

Luot ta ajiye sikeli ta zauna. Miyar rana ta ƙone a kan wuta, ba wanda ya damu.

Ranar sha biyar ga wata, ranar da muke ƙona wa magabata saƙonsu, domin a al'adarmu takardar da aka ƙona tana isa ga mamaci, Kaka ta tafi kasuwa ta dawo da wayar hannu ta takarda, har da cajarta. Muka sauka tsakar gida wurin garwar ƙona saƙo. Sai da ta sa na rantse cewa na tura wa gwaggona da ke garin Da Nang hotunan, sannan ta zuba wasiƙun cikin wuta da hannunta, ta ɗora wayar a kai.

Na ce, "Wasiƙun na gane, kin mayar masa da abinsa. Wayar fa?"

"Ni in karanta da manyan baƙaƙe, shi in bar shi yana ƙanƙance ido? Ya girme ni da shekara biyar."

"Ai bai iya latsawa ba."

"Ya koya. Wane aiki gare shi?"

Yanzu kullum bayan shayi sai ta karanta biyu a waya, tana yi masa gardama a bayyane.

Tashi ka je wurin tsohuwar gidanku, ka tambaye ta wace takarda ce ta daina iya karantawa. Ɗauki hotonta, ƙara girman rubutun, sa mata wayar a hannu. Yau, ba ranar Asabar ba.