Baƙuwar Cikin Turmi

Dikko masassaƙi ko karin kumallo bai tsaya yi ba ya baro Argungu, ransa a ɓace. Ɗiyarsa Hanifa ce ta aiko daga Gwadangaji cewa turmin da ya sassaƙa mata shekara biyu da suka wuce yana ƙara daga ciki. Shi kuwa tun da yake, gara ba ta taɓa cin aikinsa ba.

Da isarsa gidanta ya durƙusa ya kafa kunne a gindin turmin. Can sai garin itace ya zubo, 'yar ƙofa ta buɗe, wata halitta ta fito a hankali, baƙa mai sheƙi, kamar rina amma ba siririn ƙugu, da tsinke a wutsiya.

Surukinsa Zulkifli, malamin gona, ya sassauta murya. "Baba, rinar icce ce. Ba a cika ganinta ba, kuma ba ta harbi. Da irin tsinken nan uwarta ta huda iccen ta saka ƙwai, tun ba ku sare shi ba."

Dikko ya ƙura wa rinar ido. Ashe gatarinsa ya wuce ta, gizagonsa ya kuskure ta da faɗin farce, taɓarya ta shekara biyu tana sauka a kanta safe da yamma, ita kuwa tana ciki tana girma abinta.

Ya shafa ƙofar da yatsa, ya ji ta sumul. Hanifa kuwa ta ɗaga tsintsiya za ta buge rinar.

"Hanifa, aje tsintsiyar nan, bar ta ta tafi. Shekara arba'in ina sassaƙa, hannuna bai taɓa huda irin wannan ba."