Dalma a Fon Auta

"Mama, azurfa Auta yake ci ne? Na ga kashinsa yana ƙyalli."

'Yata mai shekara biyar ce ta yi tambayar, daidai lokacin da maƙwabciyata tela ta kai loma baki. Matar ta ajiye cokali a hankali. Na harari yarinyar, amma da yake ba a banza ake ce mata Aku ba, sai ta ƙara da cewa guda huɗu ta ƙirga, jiya ma akwai.

Fon yana bayi, ban kai ga zubarwa ba. Na karyo tsinken tsintsiya, na toshe hanci da gefen zani, na tona. An ce uwa ba ta ƙyamar kashin ɗanta, amma ranar sai da na kau da kai. 'Yan ƙwallaye ne masu sheƙi, babbar cikinsu ba ta kai kan ashana ba. Na ɗauraye su a murfin kwalba, na danna ɗaya da farce, ta lotsa. Dalma ce. Na sha ganin irinta a ƙasan baho duk ranar da na wanke kayan aikin babansu, ina zubarwa da ruwan wanki ko a jikina.

Babansu gyaran talabijin da rediyo yake yi a shagon yayansa. Gajere ne, wandunan aikinsa kuwa kwancen Yaya ne, shi ya sa kullum ƙafar wandon a naɗe take ninki biyu. Na ciro wanda ke rataye bayan ƙofa, na warware naɗin a kan tsohuwar jarida. Suka zubo kamar an ɓarar da duwatsun wuya, haɗe da wata baƙar ƙura. In ya dawo da yamma a kan tabarma yake zama, Auta ya rarrafo ya dafa ƙafarsa ya miƙe. Watansa goma sha ɗaya, duk abin da ya tsinta bakinsa ne aljihunsa.

Na bar Aku wurin tela, na goya Auta, na ƙulle murfin a leda na nufi shagon.

Bara ne suka sayi bindigar zuƙe dalma, sai da babansu ya yi mako yana ba ni labarinta. Wai injin iska ne ke turo iska ta tiyo, in ta ratsa wani siririn maƙogwaro da ƙarfi sai bakin bindigar ya riƙa zuƙa. Ka ɗora bakin a kan ƙafar abin da za ka cire daga allon rediyo, dalmar ta narke, ta faɗa cikin wata 'yar kwalbar gilashi mai auduga. Har cewa ya yi yanzu shagonsu ya fi ɗakin girkina tsabta.

Na tarar da bindigar rataye a ƙusa, yanar gizo ta hau kanta. Yaya na zaune, ƙarfen narka dalma a hannun dama, tiyon iska tsirara a hagu. Ya narkar, ya matsa, fiit, dalmar ta fantsama gaba. Bangon da ke gabansa ya koma kamar wanda aka shekara ana fyace wa majina. Ga kofin shayi a buɗe a gefen gwiwar hannunsa, ga biredi a kan murfin talabijin. Ina tsaye ya ɗauki biredin, ya busa masa tiyon don ya kaɗe ƙura, har da feshin wani ruwa mai maiƙo, ya gatsa.

"A'a, Maman Aku, yau ke ce? Ko an zo a duba in da gaske aiki yake zuwa?"

Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Babansu ya ɗago daga bayan wani buɗaɗɗen talabijin yana kallona da tambaya a ido. Akwai wani dattijo a kan benci rungume da rediyonsa, yana jiran layi. Na kwance ledar na ajiye murfin a kan tebur.

Yaya ya ɗauki ƙwallo ɗaya, ya murza, ya sa a haƙori ya ɗan cije.

"Tamu ce, mai kyau ma kuwa. Ina kika samo?"

"A fon Auta, Yaya. Na dai ɗauraye."

Ya tofar, ya sake tofarwa, ya kurkure baki da shayin nan. Dattijon ya yi dariya har da tari.

"Injiniya, yau ka ɗanɗana aikin hannunka."

Ni ban yi dariya ba. Na tambayi abin da ya hana su amfani da bindigar. Yaya ya goge baki da bayan hannu ya ce kwalbar toshewa take yi, kafin ka cire ƙafa ashirin sai ka tsaya ka kwance ka sauya auduga, ga mutane na jira. Da tiyo kuwa busa ɗaya an gama.

"Shekara ashirin ina cikin dalmar nan, kin gan ni garau."

"Ku kuka zaɓi sana'ar, Yaya. Auta kuwa ba wanda ya yi shawara da shi."

"Ai kullum sai na kaɗe jikina kafin in taho," in ji babansu a sanyaye.

"Da me?"

Ya kalli tiyon. Ashe in za su tashi, da shi suke share ƙasa, ƙurar ta turnuƙe ɗakin, sannan kowa ya busa jikinsa daga wuya zuwa ƙasa. Duk abin da iskar ta koro, naɗin wando ya tare.

"Baban Aku, asibiti za ni. In za ka, taso."

Ya kalli yayansa. Tun da ya fara aiki bai taɓa barin shagon nan ba izini ba. Ya zare filogin ƙarfensa, ya biyo ni.

Da ƙyar ma'aikaciyar jinyar ta samu jijiya, Auta ya yi kuka har muryarsa ta dishe, babansu na riƙe da ƙafafunsa yana kallon bango. Bayan kwana uku ta ce akwai dalma a jinin fiye da yadda ya kamata, amma bai kai na kwantarwa ba. Za mu riƙa dawowa ana aunawa, kuma in kawo Aku ita ma. Ta ce ƙwallayen da na gani sun shiga sun fita, ƙurar da ba a gani ita ce mugunyar.

Na jefar da tabarmar. Na goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma sau uku, ruwan na fita launin toka, ina wankewa ina tofar da yawu. Babansu ya tono kwalbar gilashin a ƙasan aljihun tebur ya mayar wa bindigar, da ita yake aiki yanzu. Kayan aikinsa da takalmansa a shago suke kwana, kuma ba ya taɓa min yaro sai ya yi wanka. Yaya kuwa hali zanen dutse, an ce da zarar aiki ya taru hannunsa na kan tiyo. Gaisuwata ma da ka yake amsawa.

Ke wadda mijinki ko ɗan'uwanki ke aikin dalma, kada ki tsaya a kan labarin sabon inji da ake ba ki a gida. Sa takalminki ki je ki ga yadda ake amfani da shi da idonki. In busawa suke yi maimakon zuƙewa, kada kayan shagon su ƙetare ƙofarki, kuma ki kai yaranki a auna jininsu. Kada ki jira zazzaɓi ko amai su gaya miki. Nawa ko atishawa bai yi ba.