Madubin Aro

A cikin zanen atamfa aka naɗo shi kamar jariri, aka sauko da shi daga keke. Malam Yuguda, mai kwalejin, na biye yana faɗin, "A hankali dai, kafin la'asar zan mayar wa masu shi."

Jemima na tsaye a bakin ƙofa cikin farar rigar da aka aro mata, hannun rigar ya rufe yatsunta. Shekara biyu ta yi a kwalejin nan tana karatun gwajin jini da fitsari, ta fita da sakamakon da ya fi na kowa, amma sai yau ta fara ganin madubin likita, wanda suke kira maikiroskof, ido da ido. Da can a allo ake zana musu shi da alli, su kwafa, su haddace sunan kowane sashe, a ba su maki a ce sun yi furaktikal.

Dalilin wannan hidima kuwa, wata jami'a ce a Indiya ta ɗauke ta, cocinsu na Nukkai kuma ya yi alkawarin tallafin shekara biyu, ba ƙari. Idan jami'ar ta karɓi difilomarta a matsayin rabin karatun digiri, za ta shiga aji uku, tallafin ya kai ta ƙarshe. Idan aka ƙi, sai ta faro daga aji ɗaya, babanta Tobiya kuwa manomin shinkafa ne a Lau, ko gonar ya sayar ba za ta kai ko'ina ba. Jami'ar ta ga takardunta ta yaba, sai dai ta ce tana so ta gan ta a bidiyo tana aiki da hannunta, a ɗakin gwajin da aka koyar da ita.

Ɗakin gwajin nan fa, ban da benci da tsohuwar fanka ba komai a ciki. Jemima ta je wa Malam Yuguda da hawaye, shi kuwa dariya ya yi.

"'Yata, wannan ne ya hana ki barci? Masu duba makarantu daga Abuja ma sun zo sun tafi da murna. Yadda muka yi musu, haka za mu yi wa Indiyawan."

Haka kuwa aka yi. Aka aro kwalabe daga wani kemis, firji daga gidan ƙanwar Malam Yuguda, madubin kuma daga wani ƙaramin asibiti a Iware, shi kaɗai gare su. Kafin hantsi ɗaki ya yi kyau, har da warin magani, don an yayyafa shi a ƙasa.

* * *

Matar da ta fito a fuskar kwamfuta daga jami'ar dattijuwa ce mai furfura da sanyin murya. Ta fara da tambayoyin baki, Jemima ta riƙa amsawa tun kafin a rufe baki, sassan madubi, kalar da ake zuba wa jini, kamannin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Malam Yuguda na tsaye bayan kwamfutar inda ba a ganinsa, yana ta gyaɗa kai, bakin nan har kunne.

"Madalla," in ji matar cikin Turanci. "Yanzu ɗora gilashin jinin, ki saita, ki gaya min abin da kika gani."

Jemima ta ɗora. Ta sunkuya ta kafa ido. Farin haske kawai ta gani, sai inuwar gashin idonta na motsi. Ta san akwai abin murɗawa babba da ƙarami, ta san sunansu, ta san abin da handawut ɗin darasi ya ce suna yi. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mata shi ne nauyinsu a hannu, da inda ake tsayawa. Ta murɗa babban, haske bai sauya ba, ta ƙara murɗawa.

Ƙas. Gilashin ya rabe biyu a ƙarƙashin idon madubin.

Matar ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta cire tabarau ta ce, "Jemima, kin taɓa aiki da irin wannan kafin yau?"

Malam Yuguda ya ɗaga hannu biyu yana yi mata alama da ƙarfi ta ce e. Ta dube shi, ta dubi gutsuren gilashin. Kunya ta kama ta, ga haushi, ga tausayin babanta da ya riga ya gaya wa duk Lau cewa 'yarsa za ta hau jirgi.

"Ban taɓa ba, Ma," ta ce.

* * *

Amsar jami'ar ta zo cikin ladabi. Suna maraba da ita, amma daga aji ɗaya. Dattawan coci suka zauna, suka jajanta, suka ba wani yaro tallafin. Tobiya ya ɗauki fartanya ya koma fadama.

Bayan wata guda Malam Yuguda ya aika a kira ta. Ta ɗauka zagi zai yi, sai ta tarar da shi da fara'a.

"Kin kunyata ni, amma ɗa na kowa ne. Mai koyar da furaktikal ɗinmu ya samu aiki a Yola. Takardarki ta fi ta kowa kyau, wa zan ɗauka in ba ke ba?"

Ta so ta ƙi. Amma zaman gida ya ishe ta, ƙannenta kuma na jiran kuɗin makaranta.

Ranar Litinin ta tsaya gaban sababbin ɗalibai, ɗaki cike har bakin taga, kowa da sabon littafi. Tana cikin bayani wata 'yar siririya a bencin gaba ta ɗaga hannu, idonta na ƙyalli.

"Ma, in mutum ya leƙa ciki, yaya jinin yake? Da gaske ana ganin ƙwayoyin ɗaya-ɗaya?"

Jemima ta dubi yarinyar. Sannan ta sunkuyar da kai ta lashi yatsa ta juya shafin handawut.

"Ku buɗe shafi na tara," ta ce. "Zai fito a jarabawa."