Gwangwanin Bakin Taga

Mutala ya sauko daga motar Salaga, ko gida bai biya ba ya wuce ofishin gona na Yendi. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana rangadin duba doya, hankalinsa kuwa na kan gwangwanaye biyu da ya bari.

Ƙasar lambun yayarsa Fuseina ce a ciki. Mijinta ya rasu bara, ya bar mata 'ya'ya huɗu da lambun albasa a bakin rafi a Bawku. Bana sai wata farar fumfuna ta fito daga ƙasa tana ruɓar da gindin albasar. Mutala ya ɗebo ƙasar, ya raba biyu, ya jefa yankan albasa a kowanne. Ɗaya ya kulle a kabad, ɗaya ya ajiye bakin taga. Kwana huɗu na kabad ya cika da fari kamar auduga, na taga kuwa sama-sama. Ranar tafiyarsa ya ba Aruna, direban motar Bawku, wasiƙa: "Yaya, haske ne maganinta. Ki tuge ruɓaɓɓun ki baza su a fili."

Yanzu ya ɗaga gwangwanin taga. Farin ya janye, amma wasu 'yan ƙwayoyi ja-ja, kamar irin alayyahu, sun rufe ƙasar. Na kabad kuwa da kyar ya ga biyar. Ya jawo littafin ofis mai hotuna, yana buɗawa ya gan su. Haske bai kashe fumfunar ba. Iri ya sa ta yi, irin da kan kwanta a ƙasa shekaru yana jiran albasa.

A tasha ya tarar da Aruna yana ɗaure kaya.

"Malamin gona, ka zama babban mutum fa. Yayarka ba ta karanta boko, sai ta kai wasiƙarka ƙofar masallaci bayan Juma'a aka karanta mata. Duk masu lambu sun ji."

"Duka?"

"Har da kurman cikinsu, an yi masa da hannu."

"Yaushe za ka tashi?"

"In ta cika. Lafiya kake zufa haka?"

Sai washegari da hantsi suka wuce Garu, suka shiga Bawku. Mutala ya dira tun mota ba ta gama tsayawa ba, ya yi rafi da gudu.

Fuseina na tsugune tana ban ruwa. Ta miƙe tana dariya.

"Ɗan boko, ka zo ganin aikinka? Farin ya tafi. Na baza su ko'ina kamar yadda ka ce, har wajen renon iri. Da suka bushe na bi da fartanya na juye, kada taki ya tafi a banza."

Ya durƙusa ya damƙo ƙasa, ya buɗe tafinsa. Ga su nan, ja-ja, ba iyaka.

"Yaya, na yi gaggawa. Kwana huɗu kawai na duba. Waɗannan 'ya'yan fumfunar ne."

Ta daɗe tana kallon hannunsa.

"Za a iya tsince su?"

"A'a. Sai dai a tara kara a ƙone saman ƙasar, ko za a rage su."

"Albasa fa?"

"Ban da nan. Shekara uku, ko huɗu."

"Huɗu," ta ce a hankali. "Da me zan riƙe yaran nan, Mutala? Da ka yi shiru, da fangali uku kawai na rasa."

Daga can gefen rafi dattawa shida suka ɓullo, na gaba riƙe da zabuwa ɗaure da ƙafa, suna ɗaga masa hannu.

"Maƙwabta ne, godiya suka zo yi maka," in ji Fuseina. Ta ajiye ƙwaryar ban ruwa. "Ni zan je neman kara. Kai ka faɗa musu da bakinka, kada ka rubuta."

Mutala ya miƙe, ƙasar na hannunsa, ya nufe su.